Ranar da Gidan Ismay Ya Haye Mashigi

Tun rana ba ta yi zafi ba kafinta Fitzroy ya fara buga ƙusa, Tanti Ismay kuwa tana zaune a bakin gadonta na ƙarfe tana kallon hasken gidanta yana mutuwa taga bayan taga. Ya rufe ta gabas, wadda take shanya barkono a bakinta. Ya zagaya ya rufe ta baya. Duk marfin da ya jawo sai ya gicciya masa katako daga waje, ya bi shi da dogayen ƙusoshi, ita kuma duk bugun guduma tana jin sa har cikin haƙoranta.

"Tanti, kina nan da rai?" ya tambaya ta tsagin bango.

"Ina nan. Kai dai bi a hankali, ba akwatin gawa aka sa ka haɗawa ba."

Ya yi dariya, mazan da ke waje suka taya shi. Ita ba ta yi ba, don tana rufe baki ta ji maganar ta yi kama da gaskiya fiye da yadda ta so.

Gidan ba ya inda ya saba zama. Tun jiya maza suka ɗaga shi daga kan duwatsun da yake kai tun kafin a haifi 'yarta, suka gangara da shi bakin ruwa, suka ɗora shi bisa wani dandamalin katako da aka jera wa wofin gangunan mai a ƙarƙashi. Ɗaki biyu ne da 'yar baranda, shuɗin fenti, rufin kwano. Nata ne tun daga tsinin rufi har katakon daɓe. Ƙasar da yake kai ce dai ba tata ba, kamar yadda ba ta kowa ba ce a duk layin bakin teku na Ti-Roche. Jikokin tsohon mai filin, waɗanda aka haifa a Ingila, ko yashin nan ba su taɓa takawa ba, sun sayar wa wasu baƙi masu son gina masaukin 'yan yawon buɗe ido, sai ga turaku masu jan ƙyalle sun tsiro har a tsakiyar kabewarta. Maƙwabta masu dangi a kan tudu suka kinkimi gidajensu suka hau. Ita ba ta da kowa a tudu, ragowar tsibirin kuwa dutse ne da awaki. Abin da ya rage mata shi ne gonar dangin uwarta a Belvue, can babban tsibiri, ƙasar da ba a rabawa, ba a sayarwa, duk mai jinin gidan yana da ikon kafa ɗakinsa a ciki. Tsakaninta da gonar akwai mashigin teku.

'Yarta Merle ta yi ta kira daga Toronto. "Mama, katako ne fa kawai. Ki sayar wa masu kiwon kaji su yi akurki da shi, ki taho wurina."

Takardun tafiyar nan kuwa tun Merle na da cikin fari ake cewa sun kusa fitowa, yanzu yaron har ya fara aske gemu. Ismay ta ce mata, "In sun fito ki aiko. Za su same ni a Belvue, a cikin gidana."

An sha ɗaukar gida a Ti-Roche, kowa ya tashi ya ga ana yi, amma a ƙasa, a kafaɗun maza. Ba wanda ya taɓa ganin an sa gida a ruwa sai Kyaftin Cuthbert, wanda ya ce ya gani a wani tsibiri can kudu lokacin da yake aikin jirgin kaya. Kuma ɗaukar gida tana da doka: ba a motsa shi a buɗe. Duk wanda ya mutu a cikin gida, in ji mutanen Ti-Roche, yana nan a ciki, a wata kusurwa ko bisa azara. Idan gida ya motsa alhali taga tana buɗe, sai ya zame ya faɗo a hanya, ya rasa inda aka nufa da gidansa, ya yi ta gararamba har abada. Shi ya sa ake buga wa tagogi ƙusa, a cusa tsumma a manyan ramuka, mai gidan ta shiga ta sa sakata, ta yi ta yi musu hira har a sauke. Wanda ya taɓa ganin marfin taga ya kaɗo ya fasa wa mai ɗauka goshi zai iya gane inda dokar ta samo asali, da yadda aka manta dalilin aka rataya ta a wuyan matattu, tunda su ba sa musu. Amma a Ti-Roche ba a tonon irin wannan, kuma babu wanda ya tsaya ya tuna cewa a tudu aka yi dokar, inda gida ba ya nutsewa.

Saura taga ɗaya sai ga Odilia ta hau baranda da rigarta ta zuwa coci da faffaɗar hula. Yayar marigayi Osbert ce, mijin Ismay, kuma ita ta riƙe Merle ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna Makome. 'Yar guntuwar tsohuwa ce mai murya kamar an buga gwangwani.

"Matsa min, Makome. Ba zan bar uwata da ƙanena su haye teku da ke kaɗai ba. Tun suna da rai ba ki iya yi musu magana ba."

"Ke ba ki iya iyo ba, Odilia."

"Ke kin iya ne?"

Ba ta iya ba. A Ti-Roche maza ne ke shiga teku, mata iyakarsu gwiwa.

Odilia ta leƙa ta ƙofa ta ƙwala wa mai jirgi kira. "Cuthbert! Ka sha ko ba ka sha ba?"

"Ɗan kaɗan, Tanti Odilia, don hannuna ya daina rawa."

"To ƙara, har yanzu yana yi. Na san ka tun kana yawo ba wando, in ka jiƙa min rigar nan sai na kai ƙararka kabarin uwarka."

"Bari dai mu tafi tun iska ba ta farka ba," in ji Cuthbert, yana duban sama.

Amma ba a tafi ba. Ba a tayar da gida da yunwa, wannan ma doka ce. Sai da aka juye tuwon masara da kuɓewa, aka soya kifi, maza suka ci suka suɗe yatsu. Sai da aka zuba wa kusurwoyin dandamali giyar rake, sai da Odilia ta yi addu'arta mai tsawo, ta ambaci matattun dangi ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda ba a gidan suka mutu ba. Lokacin da Ismay ta tura ƙofa ta sa sakata, rana ta riga ta hau, ganyen kwakwa kuma ya fara kaɗawa.

Ciki duhu ne, in ban da siraran layukan haske da ke shigowa ta tsakanin katakai. An riga an kai kaya gaba a jirgi, in ban da labule da malafar Osbert a ƙusa gado kaɗai aka bari, an ɗaure ƙafafunsa a jikin ginshiƙi. Suka zauna a kai kafaɗa da kafaɗa. A waje maza suka ɗauki waƙar turi, yashi ya yi ƙara a ƙarƙashin ganguna, sai kuma ƙarar ta ɗauke. Daɓen ya ɗan ɗago a ƙarƙashin ƙafarta, kamar gidan ya ja numfashi. Injin Cuthbert ya tashi, igiya ta miƙe, suka tafi.

"Mama Titine, zauna daram," in ji Odilia da ƙarfi ga uwarta, tana fuskantar azara. "Ba wani abu ba ne, ƙaura ce. Osbert, kar ka leƙa, na san halinka. Makome, ke ma ce wani abu mana."

"Osbert, muna tafiya Belvue," in ji Ismay. Ta ji kunyar muryarta a cikin duhun.

Da fari abin da sauƙi. Gidan yana lilo a hankali, ruwa yana lasar ganguna, tana jin mutanen gari suna ta ihu daga gaɓa, muryoyin suna ƙanƙancewa. Ta san mashigin nan, ta haye shi sau ba adadi zuwa kasuwa da asibiti. Amma kullum tana ganin sa. Yau sai da kunne da ciki take bin hanyar. Ta gane sun wuce ƙarshen tsibiri lokacin da daɓen ya tashi sama ya daɗe bai dawo ba, sannan ya faɗa, hanjinta ya biyo baya.

Sai iska ta zo.

Ba ta zo da hayaniya ba. Ta dai jingina da bangon gabas kamar ƙatuwar saniya mai susa, ta ƙi tashi. Katakai suka fara kuka. Layukan hasken da ke kwance a daɓe suka soma tafiya, suna hawa bango, Ismay ta gane gidan juyawa yake yi, yana ba iska faɗin jikinsa. Ɓangaren baranda ya yi ƙasa. Ta jira ya dawo. Bai dawo duka ba. Taguwar ruwa ta biyu ta ƙara kwantar da shi, ta uku ta feso ruwa ta tsakanin katakon daɓe, mai sanyi, har cinyarta.

"Uwar Yesu," in ji Odilia. Farcenta ya nutse a damtsen Ismay.

A ƙarƙashinsu wani abu ya tsinke da ƙara. Ganga ɗaya ta kuɓuce, suka ji tana bin ƙasan daɓe tana bugu, gum, gum, gum, daga wannan ɗaki zuwa wancan, sannan shiru. Kusurwar ƙofa ta ƙara nutsewa. Yanzu ruwan ba fesowa yake yi ba, kwanciya ya yi a wurin, baƙi, yana kai da komo, takalmin Odilia ɗaya yana yawo a kai.

Ismay ta rarrafa ta hau daɓen, don yanzu hawa ne, ta manna ido a wani tsagi. Ba ta ga komai ba sai koren ruwa, sai sama, sai koren ruwa. Ta buga bango da tafin hannu.

"Cuthbert! Cuthbert!"

Ba Cuthbert ne ya amsa ba, yana can gaba a ƙarshen igiya da injinsa mai gurnani. Fitzroy ne, a ƙaramin kwalekwalen da ke rakiya, muryarsa tana zuwa tana ɓacewa.

"Tanti! Ku koma sama! Ku bar wajen ƙofa!"

"Zo ka fitar da mu!"

"Ba hali! Baranda tana cikin ruwa! In kin buɗe ƙofar teku ce za ta shigo! In na matso kuma gangunan su farfasa ni!"

"Me Cuthbert yake yi?"

"Yana ja! Yana ja gaba, iska tana jan ku gefe! Ta fi shi ƙarfi, Tanti, bangon ya tare ta duka! Wajen Haƙoran Kare take kai ku!"

Ismay ta rufe ido. Ta san Haƙoran Kare, baƙaƙen duwatsun nan da ke tsakiyar mashigi, inda ruwa ke fari ko da rana mai lafiya. Ta san sunayen mazan da suka ci.

"Da dai iskar za ta sami ta inda za ta wuce..." in ji Fitzroy, sai ya katse.

"Me ka ce?"

"Ban ce komai ba!"

"Fitzroy, ɗan Eulalie, ina tambayarka me ka ce!"

"Ni ban ce komai ba, Tanti! Kowa ya shaida ban ce komai ba! Aikina ƙusa, na buga!"

Taguwa ta raba su. Ismay ta zamo ta dawo kan gado. A duhun ma tana jin idon Odilia a kanta.

"Kar ki soma," in ji Odilia.

Ismay ta cusa hannu ƙarƙashin katifa, inda addarta take kwana tun ranar da ta zama ba namiji a gidan. Ƙotar ta zauna mata a hannu.

"Makome, na ce kar ki soma. Uwata tana ciki. Osbert yana ciki."

"Mu ma muna ciki."

"Mu mun ci zamaninmu. A tudu ma in mutum ya faɗo ana shan wahala kafin a kira shi ya dawo, bare nan? A tsakiyar teku za ki zubar da su? Mijin da ya gina miki gidan nan da hannunsa?"

"In ya kife fa? Ina za su? Ƙasan teku ne dai, a kulle, da mu da su."

"To ai tare ne," in ji Odilia.

Ta faɗe shi a natse, ba da ihu ba, wannan ne ya sa tsigar jikin Ismay ta tashi fiye da duk ƙarar da ke waje. Ismay ta miƙe da addar, tana dafe da ƙarfen gado.

"Da ɗanki," in ji Odilia. "Ko kin manta da shi?"

Ismay ta tsaya.

"A ɗakin can ya mutu, ko coci ba a kai ga kai shi ba. Osbert ya san ruwa. Mama ta haihu a bakin teku, ta tsufa a bakin teku. Shi fa? Ko zama bai iya ba. Wa zai riƙe shi?"

Ba ta manta ba. Shi ne na fari, kafin Merle, bai yi mako a duniya ba. Ismay ba mace ce mai yawan tsoron matattu ba. Ta wanke gawa ba ɗaya ba, ta san yadda jiki yake zama in mai shi ya tafi, kuma da za ka tare ta da rana tsaka a kan hanya ka tambaye ta ko da gaske akwai wani zaune a kan azararta, da ta yi maka tsaki. Amma kusurwar nan ta ɗakin ciki, inda 'yar akwatin da aka shimfiɗa masa ta zauna, ba ta taɓa ajiye kaya a wurin ba. In tana shara takan sassauta tsintsiya idan ta iso nan. Ba ta taɓa tambayar kanta dalili ba. Yanzu ga dalilin ya taso mata, ga kuma ruwa ya kai mata idon sawu a inda ɗazu yake busasshe.

Daga nesa ta fara jin wata ƙara dabam, ba ta iska ba, ba ta inji ba. Wani dogon ruri ne mai tashi yana faɗuwa. Ruwa ne a kan dutse.

Ta ajiye addar a kan katifa. Ta bi bango da hannu ta shiga ɗakin ciki, ta durƙusa a kusurwar. Babu komai a wurin sai jiƙaƙƙen katako. Ta kwance ɗankwalinta, ta shimfiɗa, ta sa hannu biyu ta tattaro abin da babu, a hankali, tana tallafe da wajen kai kamar yadda hannunta ya tuna. Ta naɗe, ta ɗaure ɗankwalin a ƙirjinta, ta ja ƙullin da haƙori. Ba ta san ko ta yarda da abin da take yi ba. Ba ta da lokacin sani.

"Na ɗauke shi," ta ce da ta dawo. "Naki manya ne. Gaya musu su riƙe azara da kyau."

Ta hau zuwa tagar gabas ta ɗaga adda.

Katakon marfin tsoho ne, sara kaɗan ya tsage. Na gicciyen da Fitzroy ya buga sabo ne, ya yi mata gardama, addar tana maƙalewa tana fizgowa, kafaɗarta kamar za ta cire. Odilia tana ta kururuwa a bayanta, ba ta jin me take cewa. Sai katakon ya karye, marfin ya tarwatse ya faɗo ciki, haske da iska da gishiri suka buge ta a fuska har ta faɗi zaune.

Nan take ta gane ta yi kuskure. Ta buɗe wa iska hanyar shiga, ba ta buɗe mata ta fita ba. Gidan ya cika kamar an hura mafitsara. Bangaye suka bankaro, rufin ya fara ɗagawa yana sauka, ƙusoshin kwano suna wani irin kuka mai tsini. Ta rarumi addar ta gangara zuwa tagar yamma.

Odilia ta riga ta isa. Tana tsaye cikin ruwa har ƙwauri, bayanta a jikin marfin, hannuwanta a ware, hular ta tafi, farin gashinta ya miƙe tsaye.

"Sai dai ki sare ni."

"Matsa, Makome."

"Sai dai ki sare ni, Ismay! Ki haɗa da ni!"

Ismay ta tsaya da adda a sama, ba ta san abin da za ta yi da ita ba. Rurin duwatsu ya cika ɗakin. Sai wani fallen kwano ya ɓalle daga saman kansu, ya naɗe kamar ganye, ya tafi. Odilia ta ɗaga kai ta ga sama tsirara a inda rufin ƙanenta yake, ta sulale ta zauna cikin ruwa. Ismay ta yi sara ta saman kanta.

Wannan marfin bai yi gardama ba, iska na taya ta daga ciki. Ya fita gaba ɗaya da katakon gicciyensa, ya faɗa teku. Iskar ta ratsa ɗakin da gudu, ta kwashi tsummokaran da aka cusa a ramuka, ta kwashi labule, ta zare tsohuwar malafar Osbert daga ƙusar da take rataye, ta fice da ita ta taga.

"Osbert!" Odilia ta yi tsalle ta kama bakin tagar. "Osbert! Ga shi can! Wayyo, ga shi can yana tafiya!"

Malafar ta sauka a kan ruwa, ta yi juyi, ta hau taguwa ta gangara bayanta.

Ismay ba ta tsaya kallo ba. Ta shiga ɗakin ciki ta fasa ta yamma tukuna, sannan ta gabas, hannu ɗaya na sara, ɗaya na kare ƙirjinta. Da ta gama ta jingina da bango tana haki, ta ji daɓen yana dawowa ƙarƙashin ƙafarta. Bai daidaita duka ba, amma ruwan da ya taru a wajen ƙofa ya bazu, ya fara tsiyayewa ta inda ya shigo. Muryar injin Cuthbert ta sauya, ta daina shaƙewa. Igiya ta ja, gidan ya juya hancinsa a hankali ya bi ta.

Ta taga ta ga Haƙoran Kare. Sun yi kusa har tana ganin ƙaguwoyi suna gudu a jikinsu, tana ganin ruwa yana shiga tsakaninsu fari yana fitowa da kumfa. Wata ganga ta gogi dutse a ƙarƙashi, ta yi wata doguwar ƙara, gidan duka ya girgiza. Ismay ta riƙe numfashi, ta riƙe ƙullin ɗankwali. Dutse na ƙarshe ya zo daidai tagar, ya tsaya kamar yana leƙen ɗakin, sannan ya koma baya.

Haka suka ƙarasa sauran hanyar. Odilia tana durƙushe a bakin taga tana kallon baya, leɓɓanta suna motsi.

A gaɓar Belvue dangin uwar Ismay sun taru da tukwane da dogayen sandunan ɗauka, mata suna waƙa tun daga nesa. Da gidan ya matso suka ga tagoginsa a wangale, ana hango teku ta cikinsa daga wannan gefe zuwa wancan, sai waƙar ta yi ta raguwa har ta mutu. Ganguna suka daki yashi. Ismay ta zare sakata ta fito, ba ɗankwali a kanta, adda a hannu. Fitzroy yana jan kwalekwalensa, bai yarda sun haɗa ido ba. Cuthbert ya shiga ya ɗauko Odilia kamar yarinya ya dire ta a busasshen wuri. Ba ta ce masa komai a kan rigarta ba. Ba ta dubi Ismay ba. Ta juya da takalmi ɗaya ta bi bakin ruwa, tana fuskantar mashigi, tana kiran uwarta da ƙanenta da sunayensu, tana gaya musu nan ne, nan ne Belvue, su biyo muryarta.

Alston, ɗan kawun Ismay, wanda zai ja ragamar ɗauka, ya zagaya gidan yana sosa ƙeya.

"Yaya Ismay, a buɗe ya zo?"

"A buɗe ya zo."

"Tun daga ina?"

"Tun daga inda ya kusa kifewa."

Maza suka tsaya cirko-cirko, ba mai son ya fara sa kafaɗa. Wani ya ce ko a mayar da marafan tukuna, wani ya ce a mayar a tsare wa, ai wanda zai fita ya riga ya fita.

"Ruwa na hawa," in ji Cuthbert, muryarsa a dishe. "Ku ɗauka, ko teku ta ɗaukar muku. Ni dai na kawo muku mata biyu da rai, ban san lissafin sauran ba."

Aka zura sanduna. Maza suka jeru, suka durƙusa, Alston ya ba da waƙa ba da ƙarfi ba, suka amsa, suka yunƙura gaba ɗaya. Gidan ya tashi da sauri fiye da yadda suka shirya, har wani na baya ya yi taga-taga.

"Kai!" ya ce. "Ba nauyi!"

Wani ya ce masa ya rufe baki. Amma an riga an ji.

Gidan da ya rasa marafan tagoginsa da fallen kwano, kuma ya sami mazan Belvue, waɗanda sun fi na Ti-Roche yawa da ƙiba, dole ya yi sauƙin ɗauka. Duk mai hankali zai iya faɗin haka, Ismay ma ta faɗa wa kanta haka. Ta sake faɗa. Gidan ya kama hanyar tudu yana rangaji a kafaɗun maza, iska tana shiga ta wannan taga tana fita ta waccan, ita kuma ta bi bayansa, tafin hannunta a ƙarƙashin ƙullin ɗankwali.

Matar Alston ta iso gefenta da kofin ruwa. "Sannu, Tanti. Sannu. Me kika ɗauro haka a ƙirji? Kawo in riƙe miki, ki huta."

"Bari."

"Ya jiƙe sharkaf fa. Kwance shi in shanya miki."

"Na ce bari."

Matar ta ja baya. Ismay ta ci gaba da hawa. Ƙullin ya ƙara tsukewa da ruwan gishiri, yana cin fatarta. Ta san in an sauke gidan a kan sababbin duwatsu dole ta shiga ɗakin ciki, ta durƙusa a kusurwar, ta kwance shi. Tun daga yanzu take jin tsoron lokacin. Ta rage sauri, ta bar gidan ya ɗan yi mata nisa. Daga can ƙasa muryar Odilia tana tasowa har yanzu, tana kira.